Tsage a Gilashi

Ɗantsoho ne ya jawo shi cikin koma,
ƙasan Kabala, wata Talata da hantsi,
bai wuce tsawon tafin hannuna ba.
Ya ce, "Wannan ba na miya ba ne, ƙaya ce zalla."
Na ce ba ni.
Ya karɓi ɗari biyar yana dariya,
ya juye min shi a bokitin fenti.

Har Unguwar Dosa ruwa na fallatsa a wandona.
Wani yaro a Panteka ya haɗa min akwatin gilashi,
kamu huɗu a tsaye, biyu a kwance.
Na wanke tsakuwa sau bakwai,
na dasa ciyawar roba,
na jona famfon da ke tofar da kumfa,
na ce da shi, ga gida.

Dije ta manna goshi tana ƙirga zanen jikinsa,
baƙi, azurfa, baƙi,
kamar an ja masa layi da tawada.
Wutsiya ja. Haƙora a waje ko baki na rufe.
Shi ko bai dube mu ba.

Kwana tara ya ƙi abincin kanti.
Na kawo tana, na kawo fara, ya kau da kai.
Daren na goma ya cinye jajayen kifayen Dije guda biyu,
ya bar mata ɓawo uku suna yawo a saman ruwa.
Ta yi kuka har ta makara makaranta.
Laifin wa? Ni na ajiye kura a turken awaki.

Cikin dare nakan ji shi.
Ƙwas. Shiru. Ƙwas.
Yakan taso da gudun da aka halicce shi da shi,
gilashi ya tare shi tun bai fara ba.
Kan hancinsa ya yi fari, ya zama tabo.

Ran da aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi,
kumfa ta tsaya, ya taso sama yana haki,
na zauna da kofin silba,
in ɗebo, in zubo daga sama, in ɗebo,
har ladan ya kira assalatu.
Asabe ta leƙo ta ce,
"Ko naƙudar Dije ba ka yi wannan gadin ba."
Ban amsa ba. Hannuna ya yi tsami.

Da Agusta ta zo, kogi ya cika ya hau gonaki,
sai ya daina zagaye.
Ya sa kai a bakin famfo,
inda ɗan ruwa ke motsi,
yana iyo, yana iyo, wuri guda,
wai shi ma yana haura kogi.
A lokacin ya kai rabin akwatin,
in zai juya sai ya lanƙwasa.

Bokitin nan dai na ɗauko.
Ɗantsoho na ɗinkin koma a gindin mangwaro,
ya leƙa ya ce, "Ya yi ƙiba, amma idon ya mutu."
Na shiga ruwa har gwiwa, na karkata bokiti.
Ya fita kamu huɗu, ya tsaya,
ya juyo kamar zai ci karo.
Bai ci karo da komai ba.
Sai jan ruwa ya rufe jar wutsiya.

"In ya sake faɗo min, dubu biyu ne,"
in ji Ɗantsoho, bai ɗago kai ba.

Yanzu albasa Asabe ke ajiyewa a akwatin.
Ni kuwa in na bi ta wurin masu suyar kifi da daddare,
nakan rage tafiya,
in duba tire ɗaya bayan ɗaya,
ina neman farin hanci,
ina roƙon kada in samu.